Lasifika Shida A Ɗaki Ɗaya: Ina Ne Mazaunin Kowace?

Duk wanda ya ratsa lungunan Briqueterie bayan sallar lisha ba ya bukatar a gaya masa gidan da ake kallo. Tun daga bakin hanya, wajen masu tsire, zai ji bango yana rawa. Wannan gida fim ɗin Kano, wancan na Indiya mai fassarar Hausa, na gaba kuma ƙwallon Turai. Kwanan baya mun ziyarci wani ɗan'uwa mai sana'ar ɗinki, muka tarar ya sayo na'urar sauti irin mai lasifika shida. Duka shidan ya jera su a kan kabad ɗin telebijin, kamar kwanonin amarya. Ya ƙure ƙara, amma duk da haka yana kukan ba ya jin maganar 'yan wasa, sai kiɗa da rugugi. Muna zaune sai ga dattijon da suke haɗa bango ya yi sallama, ya ce, "Ɗana, a taimaka a rage, uwarka ba ta da lafiya." Kunya ta kama kowa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan wata, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yadda silima ta dawo cikin gida

Manyanmu za su tuna lokacin da ake fita gidan silima a Yawunde. Da bidiyo ya yawaita, sai ƙananan gidajen kallo suka cika unguwanni, musamman bayan da Kano ta soma fitar da finafinan Hausa na kaset, tun daga Turmin Danya a 1990. A Janairun 2009 aka rufe Abbia ta Yawunde, da Wouri ta Duwala, da Empire ta Bafoussam, ƙasar ta wayi gari babu babban gidan silima ko ɗaya, har sai da aka buɗe Canal Olympia a harabar Jami'ar Yawunde ta ɗaya a 2016. A tsakanin nan kowa ya mai da falonsa silima. Kayan kuwa ba su da wuyar samu, ga Mokolo a maƙwabtanmu, ga Avenue Kennedy a tsakiyar gari. Sai dai mai shago na'ura yake sayarwa, ba ya bin mutum gida ya nuna masa inda zai ajiye ta.

Shi wannan tsari ana kiransa 5.1, wato ƙananan lasifikoki biyar da babba ɗaya mai kama da akwati, wadda samari ke kira wufa. Kamfanin Dolby ya shigar da irinsa na zamani gidajen silima a 1992, kuma a shekarar ce Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar jera su. Kowace da aikinta. Ta tsakiya ita ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa. Ta hagu da ta dama su ke da kiɗa da motsin abin da ke gaba. Biyun baya na ƙarar ruwan sama ne, da hayaniyar kasuwa, da motar da ta wuce. Wufa kuwa ba ta da aiki sai sauti mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji. In an tara su wuri guda, an sayi shida ana cin amfanin ɗaya.

A yi awo da agogo

Ba sai an nemo injiniya ba. Mutum ya zauna inda ya saba zama, ya ɗauka shi ne tsakiyar agogon bango, telebijin kuma ƙarfe 12. Lasifikar tsakiya ta zauna a 12 ɗin, dab da ƙasan telebijin ko samansa, a bakin kabad, ba can ciki ba. Ta hagu a ƙarfe 11, ta dama a ƙarfe 1, wato digiri 30 kowane ɓangare. Biyun baya kuma ƙa'ida ta ce tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato ta dama kusa da ƙarfe 4, ta hagu kusa da ƙarfe 8. Ke nan a gefe suke, sun ɗan ja baya kaɗan, ba a ƙeyar mutum ba.

Unguwarmu ba ta rasa teloli, sai a ari tef ɗin awo. Nisan da ke tsakanin ta hagu da ta dama ya yi daidai da nisan kowacensu zuwa mazaunin mai kallo. In mita 2 da rabi ne nan, to can ma haka. Dalili shi ne sauti yana tafiyar kamar mita 343 a daƙiƙa, kuma wadda ta fi kusa ita kunne ke fara kamawa, sai ya ɗauka duk sautin daga wajenta yake fitowa. In ɗaki bai ba da dama ba, yawancin na'urori masu kyau suna da wurin da ake rubuta nisan kowace lasifika, su daidaita da kansu.

Sai batun tsayi. Na gaba su yi daidai da kunnen mutum yana zaune. A nan akwai abin lura: Turawan da suka rubuta takardar cikin kwali kujera suke nufi, alhali a gidajenmu da yawa a kan darduma ko tabarma ake kallo. To, a auna da inda iyali ke zama da gaske. Na baya su ɗara kunne da kamar rabin mita, don kada su yi wa na gefe ihu a kunne. In kujera ta jingina da bango, kamar yadda ƙananan ɗakunanmu ke tilastawa, sai a kafa su a bangon hagu da na dama, suna fuskantar juna.

Kafawa a bango

Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, domin girgiza tana sassauta ta a hankali, wata rana lasifika ta faɗo a kan yaro. Bangon bulo mai rami yana son a huda shi, a sa 'yar robar nan ta riƙe sukurun, sannan a ɗaura. Tsofaffin gidajen ƙasa da aka shafe da siminti kuwa, shafen ba ya ɗaukar nauyi. Gara a sa kafinta ya yi ɗan teburi mai tsawo. Kada a huda daidai sama ko ƙasan makunnin wuta, nan wayar lantarki ta saba bi. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida tukuna. Wajen haɗa waya, ja ta shiga ja, baƙa ta shiga baƙa a kowane ɓangare. In aka juya ɗaya, sautin zai yi rauni ya warwatse. A bi da wayoyi ta gindin bango, a danne su, saboda masu rarrafe.

Wufa da haƙƙin maƙwabci

A nan rigima take. Sauti mai kauri ba ya jin bango, ratsawa yake, shi ya sa maƙwabci ba ya jin waƙar, sai dukan. Kusurwar ɗaki tana ƙara masa ƙarfi. Saboda haka kada a sa wufa a kusurwa ko jikin bangon da ake haɗawa da wani, kuma a shimfiɗa mata soso mai kauri ko darduma a ninke. Ga wata dabara: a ɗora ta a mazaunin mai kallo, a kunna kiɗa, a zagaya ɗaki a durƙushe ana saurare, inda aka ji sautin ya fito sumul babu gurnani, nan ne wurinta.

Falo mai tayil da bango tsirara yana mai da sauti kamar cikin rijiya. Labule mai nauyi da kafet suna maganin wannan. In magana ba ta fita, ta tsakiya kaɗai za a ƙara wa ƙarfi kaɗan, ba duka ba. Na'urori da yawa suna da tsarin dare, mai danne fashewa ya ɗaga magana. Kuma a sani, yawancin finafinanmu na Hausa, balle na kaset da faifan VCD, ba a ɗauke su da sauti shida ba. In na baya sun yi shiru, ba lalacewa suka yi ba, kada a ƙure ƙara don a tashe su.

Kunne ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauraron da bai wuce ma'aunin desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ba shi ne mai aminci ga babba, ga yara kuma 75. Gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Mun koma gidan telan nan da tef da sukuru, cikin sa'a ɗaya aka raba lasifikokin. Ƙarar ba ta kai rabin ta da ba, amma kowace kalma tana fita. Muka aika ƙaninsa ɗakin dattijo ya saurara, ya dawo ya ce shiru kake ji. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari a Yawunde, gidajenmu a manne da juna, da na Musulmi da na waɗanda ba Musulmi ba, kuma addininmu bai yi wasa da haƙƙin maƙwabci ba. Kafin a kunna na daren yau, a leƙa wajen na bayan bango a tambaye shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.