Tagwayen Kwamfuta da Rigimar Lasisi

Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka ya kamata mu san abin da ke sa manhaja ta ƙi buɗewa. Yau za mu duba matsala ɗaya da ke ba ma'aikatan kwamfuta ciwon kai.

Manhajar da ake saya tana zuwa da lasisi, wato izinin amfani da ita. Akwai irin na karɓa-karɓa: ma'aikata ta sayi biyar ta ajiye a babbar kwamfuta mai rabo. Duk wanda ya buɗe manhajar sai ya ari ɗaya, in ya rufe ya mayar. Kamar guga biyar ne a bakin rijiya; na shida sai ya jira.

Masu rubuta manhaja kuma sukan gina kwamfuta a cikin kwamfuta da shiri irin VirtualBox ko VMware, su kwafe ta sau goma, kowace ta riƙa gwada aikinsu da kanta cikin dare. Nan rigimar take farawa. Kowane katin sadarwa yana da lambarsa ta shaida mai harufa da alƙaluma 12, ana kiranta MAC. Idan aka kwafi na'ura har da lambarta, an samu tagwaye masu suna ɗaya. Ku ƙaddara mutum goma sun zo kan iyakar Magama za su tsallaka zuwa Maraɗi da fasfo ɗaya. Wane jami'i zai bar su su wuce? Haka sadarwar ke rikicewa, mai rabon lasisi ya kasa bambance su.

Ga abin da ake dubawa, bi da bi:

Na ɗaya, lambar shaida. VirtualBox yana da zaɓin ba kwafin sabuwar lambar MAC. A zaɓe shi, a kuma sauya sunan na'urar. Amma ita kwamfuta mai rabon kada a taɓa lambarta, domin sau da yawa da ita aka ɗaure lasisin.

Na biyu, aron da ba a mayar ba. In aka ɗauke wuta ko aka goge na'ura manhaja tana buɗe, mai rabon na iya ci gaba da lissafa lasisin a hannunta. Sai a jira wa'adinsa ya cika, ko mai kula ya ƙwato shi.

Na uku, agogo. Kwafin da kwanan watansa ya kauce kan sa a ɗauka lasisin ya ƙare.

Na huɗu, lissafi. Guga biyar ba za su ishi mutum goma a lokaci guda ba. A jera gwajin, ko a ƙaro lasisi.

Kada gajen haƙuri ya kai mu ga manhajar sata. Sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta take zuwa, a yi asarar aikin zango guda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.