Labarin Sam Rayburn, Dattijon Majalisar Amurka

Ya ku malamai da fatake, ga labarin wani mutum da ya riƙe amana. An haifi Sam Rayburn a 1882, ya tashi a gonar auduga a Jihar Texas, ya kuma yi karantarwa tun yana saurayi. A 1913 ya shiga Majalisar Wakilai ta Amurka, bai bar kujerarsa ba sai da ajali ya riske shi a 1961, shekara 48 ke nan. A cikinsu ya yi 17 yana Shugaban Majalisa. Sau biyu jam'iyyarsa ta Dimokurat ta sha kaye, ya sauka ya jagoranci 'yan hamayya, sa'an nan ya komo.

Da kasuwar hannun jari ta karye a 1929, dukiyar jama'a ta salwanta. Shi ya tsaya tsayin daka har aka yi dokar 1934, wadda ta hana ha'inci cikin wannan ciniki.

An shaide shi da ƙin karɓar toshiyar baki, ya kuwa mutu bai tara abin duniya ba. Mulki aro ne, sunan kirki shi ke wanzuwa.