AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: Dalilin Da Ya Sa Inji Ke Ƙin Tashi

Duk wanda ya bi ta Fagge ko Sabon Garin Kano da sassafe a watan Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, ba zai rasa ganin mota tsaye an buɗe mata baki ba, direba na murɗa makulli, yara na shirin turi. Ba abin da a ke ji sai "ƙas, ƙas," ko kuwa inji ya juya sau biyu da ƙyar, ya yi shiru. Maganar da kowa ke yi ɗaya ce: "Batir ya mutu." Sai a aika yaro kasuwa ya sayo sabo.

Wannan al'amari ya shafi manomi ƙwarai. Tumatir ɗin da aka ɗebo daga Kadawa ba ya jiran makanike. Tarakta kuwa in ta ƙi tashi ranar da ruwan shuka ya sauka, ba mai ita kaɗai ta jawo wa hasara ba, har da duk waɗanda suka biya kuɗin huɗa su ke jira. Balle masunta da fatake masu jirgin ruwa mai inji a Tiga, ko Yawuri, ko Baga, domin in inji ya ƙi tashi a tsakiyar ruwa, ba mai turi.

To, sau da yawa batir ba shi da laifin kome.

Wani manomi daga wajen Kura ya sayi batir biyu cikin rani guda domin akori-kurarsa, amma ba ta daina gardama ba. Ran nan ta tsaya masa a Fagge da lodin tumatir, rana na dagawa. Aka kira masa wani dattijo mai gyaran wutar mota. Dattijon bai ko dubi batir ɗin ba. Ya ce direba ya murɗa makulli, sa'an nan ya bi manyan wayoyin nan da hannu, har ya kai inda baƙar waya ta haɗu da ƙarfen mota. Ya ce, "Alhaji, taɓa nan." Alhaji ya taɓa, ya janye hannu da sauri, ya ce, "Malam, ai wuta ce!" Dattijo ya ce, "Nan kuɗinka ke ƙonewa." Ya kwance noti, ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya mayar ya ɗaure tam. Murɗa ɗaya mota ta tashi. Ladan aikin bai kai kuɗin kwandon tumatir guda ba.

YADDA ABIN YA KE

Manomin rani zai gane wannan da sauƙi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daga can a ke koro ruwa zuwa gonakin Kadawa. In kacala da yashi suka toshe hanyar ruwa, ko da Tiga ta cika ta batse, abin da zai isa gona bai taka kara ya karya ba. Zai isa a sha, amma ba zai isa ban ruwa ba. Batir shi ne madatsa, waya ita ce hanyar ruwa, tsatsa da sako-sakon noti su ne kacala.

Ƙarfin turin wuta shi a ke aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudu kuwa da amfiya. Fitilun gaba biyu ba su cin fiye da kamar amfiya 10. Amma sitata, wadda makanikai ke kira kik, watau na'urar da ke juya inji har ya kama, ta kan ja amfiya 300 ko fiye a injin gas. Wani masani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana ƙa'idar wannan tun 1827: iyakar yawan wutar da ke ratsa wurin da ya toshe, iyakar yawan ƙarfin da ke ɓacewa a wurin. Ga lissafi. Mahaɗar da ke cinye kashi ɗaya cikin goma na bolt in fitila ce ke ci, ita ce za ta cinye bolt 3 cur in an murɗa sitata. Batir kansa ya kan sauko zuwa kamar bolt 10 lokacin tashi. A ɗebe 3, saura 7. Sitata ba ta iya juya injin gas da bolt 7. Abin da ya ɓace kuwa zafi ya ke zama, shi ne Alhaji ya ji a hannunsa.

Saboda haka kada kowa ya ce, "Ai fitila na kamawa, oda na kuka, waya lafiya ta ke." Wannan ba shaida ba ce.

Me ya sa abin ya fi tsanani da hunturu? Domin sanyi na rage ƙarfin batir, ya kuma sa baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Amma ainihin ɓarnar tun bazara ta ke farawa. Zafin watan Afrilu shi ke ƙafar da ruwan batir ya cinye shi a hankali, sanyin Disamba ya zo ya tona asiri.

GWAJI UKU KAFIN A SAYI SABO

Na fari, gwajin fitila. A kunna fitilun gaba, wani ya tsaya ya duba, a murɗa makulli. In suka mutu ɗungum, ko batir ba caji, ko kuwa kan batir ya yi datti ko ya saki. In suka dushe ƙwarai inji na juyawa da ƙyar, batir ya raunana, ko waya ta lalace, ko sitata ta cije. In kuwa suna nan garau, inji ko motsi, laifin na wajen makulli ko ƙaramar wayarsa ko sitata, ba na batir ba.

Na biyu, gwajin hannu, irin na dattijon Fagge. Bayan an murɗa, a taɓa ko wace mahaɗa a hankali. Wadda ta yi zafi ita ce ɓarauniya.

Na uku, gwajin mita. Ƙaramar mitar auna wuta tana nan a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba. Ya kamata ko wace ƙungiyar manoma mai tarakta ta ajiye ɗaya. Batir da ya kwana a huce, in ya nuna bolt 12.6 a cike ya ke, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Lokacin da a ke murɗa makulli kada ya gaza 9.6. In bai gaza ba amma inji na jan jiki, sai a sa bakin mita ɗaya a kan batir na jar waya, ɗayan a inda wayar ta shiga sitata, a murɗa. Kada ta nuna fiye da rabin bolt. A yi haka kuma daga kan batir na baƙar waya zuwa jikin sitata, nan kada ta wuce 0.3. In inji ya tashi a sake aunawa, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, a dubi fambel da altaneta, domin ba su cika batir. Manyan motoci masu batir biyu, watau bolt 24, sai a ninka lissafin batir da na caji.

MAGANI

A fara kwance baƙar waya, ita kuma za a mayar daga ƙarshe, don kada sifana ta haɗa wuta. Farin gari ko koren da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa na wanke shi sarai, domin kanwa na kashe kaifin asid. Amma a yi hattara kada ya shiga cikin batir. A goge, a kankare, a ɗaure tam, sa'an nan a shafa giris ko basilin a bisa. Kada a buga ƙusa a kan batir don ya kama, kada kuma a doke shi da dutse. In ruwa ya yi ƙasa a ƙara ruwan batir tsarkakakke, ba asid ba, ba na rijiya ba. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da batir da a ke wa caji, gama iskar da ke fita daga cikinsa tana kama wuta. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar sitata ta huce minti guda.

Wanda zai sayi waya ya tuna araha ba ta ado. Akwai wadda roba ce ta yi mata kauri, akwai kuma wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikin ya fito fari a ajiye musu kayansu. Wayar da ta yi kore ko baƙi a cikin robarta, ko ta kumbura kusa da kai, ta gama aiki.

GA MASU JIRGIN RUWA

A mota wuta ta kan komo batir ta jikin ƙarfe. Jirgin katako ba shi da wannan hanya, dole waya biyu, ta zuwa da ta dawowa. In tsakanin batir da inji mita 5 ne, tafiyar wuta mita 10 ke nan. Duk sa'ad da tsawon waya ya ninka, hasara ta ninka, sai fa in an ƙara mata kauri. Don haka a kusantar da batir wajen inji, a sa shi cikin akwati a ɗaure, sama da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Laima na cin mahaɗa fiye da ƙura, saboda haka a riƙa dubawa ko wane mako. Ƙa'idar maƙeran jirage a Amurka ita ce, wayar fitilun hanya kada ta ɓatar da fiye da kashi 3 cikin 100. Igiyar ja kuwa kada ta bar cikin jirgi.

Tun 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙago batir na dalma da asid, aka kuma fara sa wa motar Cadillac sitata a Amurka a 1912, shekara guda bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Har yau aikinsu bai sake ba, kuma har yau tsatsa ce babbar abokiyar gabarsu. Mai tarakta ya duba wayoyinsa tun cikin Afrilu kafin ruwa ya sauka, mai mota kuwa tun Nuwamba kafin sanyi ya shigo. In ya yi gwajin nan uku ya tabbata batir ne ya mutu, to, ya saya da zuciya ɗaya. Allah ya ba da damina mai albarka.