Manhajar Koyon Harshe: Za Ta Iya Sa Bakinka Ya Buɗe?

Idan kana hawa Facebook ko TikTok, da wuya ba ka ci karo da tallan nan ba: sauke manhaja kaza, ka ba ta minti goma sha biyar kullum, cikin wata uku ka iya Turanci ko Larabci. Ga matashin da ke Ruwan Bore, ko Tsafe, ko Bunguɗu, wanda ke shirin rubuta WAEC da JAMB, ko yake burin shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wannan alkawari ne mai jan hankali. Malamin da zai koyar da kai a gida yana da tsada, zuwa Gusau kullum ga kuɗin mota ga fargabar hanya, wayar kuwa tana aljihunka. To amma kafin ka zuba kuɗin data, ya kamata ka san abin da za ka samu da abin da ba za ka samu ba.

Amsar a taƙaice ita ce: manhaja tana koyarwa da gaske, musamman kalmomi da karatu, amma ita kaɗai ba ta kai mutum matakin da zai yi hira ba tare da inda-inda ba. Ga dalilan.

Abin da manhaja ta iya

A shekarar 1885 wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya riƙa auna yadda yake manta su. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan koyo, daga nan sai ta riƙa raguwa. Ya kuma ga cewa maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya amfani.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace, shi ne tilawa da muraja'a. Manhajoji irin su Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, da Anki, sun mayar da wannan dabara lissafi. Manhajar tana lura da kalmar da ka kuskure, ta dawo maka da ita gobe, wadda ka iya kuma ta jinkirta ta zuwa mako mai zuwa. Ba ta gajiya, ba ta yi maka dariya, kuma tana sa ka saba da yin karatu kullum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin harshe yana cin kalmomi da yawa. Masanin harshe Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da taimako ba.

Lissafin lokaci

Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, awa 1,100 ga Hausa, awa 2,200 kuma ga Larabci. Wannan ga manya ne da ba su da wani aiki sai karatun, da ƙwararrun malamai a gabansu.

Yanzu mu yi lissafi. Minti 15 kullum, ba fashi, ya kama awa 91 ke nan a shekara. A haka, awa 750 za ta ɗauke ka fiye da shekara 8, awa 2,200 kuwa shekara 24. Alƙaluman za su bambanta ga Bahaushe, tunda Hausa ta ari kalmomi da dama daga Larabci, amma ka ga dai inda maganar wata uku ta tsaya.

Ji daban, faɗa daban

Ko da ka tara awannin, akwai wata matsalar. A Kanada an yi shekaru ana koyar da yara masu jin Turanci darussansu na makaranta da Faransanci. Mai bincike Merrill Swain ta lura cewa bayan shekaru suna sauraro, fahimtarsu ta yi ƙarfi sosai, amma maganarsu da rubutunsu suna cike da kurakuran nahawu. A 1985 ta kawo bayanin cewa sai mutum ya yi ƙoƙarin haɗa jimla da kansa sannan yake gano gibin da ke cikin iliminsa. Mai sauraro yana iya cankar ma'ana daga kalmomi biyu ko uku. Mai magana kuwa dole ya zaɓi kalma, ya jera ta a wurinta, ya furta ta.

Mu ma muna da misalin wannan a gida. Akwai ɗalibai a zaurukan malamai da suka sauke Ahalari da Ishmawi da Risala, suna fassara Larabci kalma bayan kalma, amma idan Balarabe ya tsayar da su da hira sai a ji shiru. Iliminsu na gaske ne, abin da ba su samu ba shi ne atisayen magana. Haka ɗalibin da ya ci Turanci a WAEC, inda hatta sashen lafazi a takarda ake amsa shi, amma ya daburce a gaban masu intabiyu.

Yawancin darussan manhaja sun fi kama da wannan: zaɓi amsa daga cikin huɗu, jera kalmomin da aka riga aka ba ka. Wato gane amsa ne, alhali hira tana buƙatar ka ƙirƙiro ta.

Ga kuma sauri. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009, a kan harsuna 10, ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Ma'ana, kana shirya amsarka tun mutum bai rufe baki ba. Manhaja kuwa za ta jira ka har ka sha ruwa ka dawo.

Me mutum ke da shi da allon waya ba shi da shi?

A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun yi gwaji da jarirai Amurkawa 'yan wata 9. Wasu sun yi zama 12 da mutanen da ke yi musu wasa da Sinanci ido da ido, wasu kuma an nuna musu irin wannan darasin a bidiyo ko aka kunna musu murya. Na farkon sun koyi bambance sautukan Sinanci, sauran ba su koya ba. Gwajin na jarirai ne, babba yana iya koyo daga bidiyo. Amma ya nuna yadda ƙwaƙwalwa ke ba magana muhimmanci idan da mutum a gabanta.

Shiga kasuwar Gusau ka ji yadda wasu 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa ke Hausa kamar jakin Kano. Ba manhajar da ta koya musu. Ciniki ne ya tilasta su: sun faɗi ba daidai ba, an yi dariya, an gyara musu, gobe sun sake gwadawa.

Matsalolin da suka shafe mu

Na farko, Duolingo tana da darasin Swahili da Zulu, amma ba ta koyar da Turanci ko Larabci ta hanyar Hausa. Wanda ke son Larabci a cikinta sai ya bi ta Turanci ko wani harshen, aiki ya zama biyu.

Na biyu, Larabcin da irin waɗannan darussa suka fi koyarwa shi ne Fusha, na littafi da labarai. Direban tasi a Jidda ko mai shago a Makka da karin harshen yankinsa zai yi maka magana.

Na uku, lafazi. Hausa ba ta bambance sautin p da f, shi ya sa "pan" da "fan" ke rikice mana. Malamin da ya san Hausa ya san wannan tun kafin ka buɗe baki, zai nuna maka yadda ake haɗa leɓɓa. Manhaja sau da yawa za ta ce ka yi kuskure ne kawai, ko ma ta wuce da kai.

Na huɗu, sabis. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar na makonni. Karatun da ya dogara da intanet kaɗai, ranar da sabis ya ɗauke shi ma ya tsaya.

Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, sun rage wani ɓangare na gibin, domin za ka iya yi musu magana su amsa, su gyara maka jimla. Wurin atisaye ne mai kyau ga mai jin kunya. Sai dai sukan yi kuskure cikin gadara, kuma ba sa katse ka, ba sa gundura, ba sa magana cikin hayaniyar tasha.

To, yaya za a yi?

Riƙe manhajar don kalmomi, minti 15 zuwa 20 kullum, ka sauke darussan da za su yi aiki ba intanet. Ƙara da sauraro mai yawa na abin da kake fahimtar mafi yawansa. Wata dabara mai sauƙi: saurari labarai a BBC Hausa, sannan ka saurari labaran ranar da Turanci ko Larabci, tunda ka riga ka san zancen.

Sannan ka nemi baki. Ku haɗu ku uku ko huɗu a majalisa, ku ware rabin awa ba Hausa. Gaisa da malamin makarantarku ko ɗan bautar ƙasa da Turanci, malamin Islamiyya da Larabci, ka roƙe su su riƙa gyara maka. Naɗi muryarka a waya kana ba da labarin yininka na minti biyu, ka ajiye, bayan wata ɗaya ka sake naɗa ka kwatanta.

Kada ka auna kanka da makin da manhaja ta ba ka ko yawan kwanakin da ka jera. Gwajin shi ne: za ka iya yi wa baƙo kwatancen hanya daga Ruwan Bore zuwa Gusau, ya yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba, ka amsa? Idan ba ka kai nan ba tukuna, rage lokacin danna waya, ka ƙara na magana da mutane.