Nazarin Halitta a Gaɓar Gulbin Zamfara

Littattafan nazarin halitta da muka gada daga Ingila sun saba kai yaro bakin teku, su nuna masa yadda ruwa ke hawa yana janyewa sau 2 a kwana ɗaya. Yaron Jega ko Aliero ko Maiyama bai taɓa ganin teku ba, sai malami ya karanta masa, shi kuwa ya haddace. Alhali ga Gulbin Zamfara nan ya ratsa ta Jega, yana yin irin wannan aiki, sai dai shi sau ɗaya yake yi a shekara: ya cika da damina ya malale fadama, ya janye da kaka ya bar laka da ƙananan tafkuna.

Tsakanin iyakar cikar ruwa da iyakar janyewarsa, nan ne ya kamata a tsai da ɗalibai. Marasa rai su ne ruwa da yashi da laka da zafin rana. Masu rai kuwa, akwai bado da kainuwa da burugu, akwai tarwaɗa da katantanwa, ga zalɓe yana tsaye yana jiran kifin da ruwa ya bari a baya. Amma lissafa sunaye ba shi ne nazari ba. Abin nema shi ne yadda wannan ke riƙe da wancan.

Ba abin da ya kai gaiwa nuna haka. In tafki ya soma ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar kube, ta bar 'yar kafa wadda iska ke shiga, gama tana da huhu. Haka za ta kwanta watanni, ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta har ruwan sama ya jiƙa ƙasa. Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa tana cin jikinta, masana kuwa da suka bincika sun tarar maganar haka take. Watau laka, wadda ba ta da rai, ita ce ke tsare ran kifin nan, kuma ita ce dai ke ciyar da shinkafar fadama.

Katantanwar ruwa tana da nata darasi mai ɗaci. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa sai ta zauna cikin katantanwa kafin ta fito ta huda fatar mutum. Kwantaccen ruwa mai ɗumi da ciyawa shi ne gidanta. Saboda haka malamin da ya fita da ɗalibai sai ya tanadi cokali mai dogon hannu da kwalabe, kada ya bar kowa ya tsoma ƙafa a tafki.