Kilitamnestara da Jinin Gidan Atiriyus

A tatsuniyoyin Girkawan dā, babu gidan sarautar da zubar da jini ya yi wa katutu kamar gidan Atiriyus na birnin Maisini, kuma nan aka kai Kilitamnestara aure. Ɗiyar Tindariyus ce, sarkin Sifata, kuma 'yar'uwar Helen, wadda tafiyarta birnin Turoi ta haddasa yaƙin shekara 10.

Ta tarar da tsohuwar gaba a gidan. Surukinta Atiriyus ya taɓa yanka 'ya'yan ɗan'uwansa Tayestis, ya dafa namansu, ya ba uban ya ci bai sani ba.

Nata baƙin cikin ya fara ne a tashar Aulis. Mijinta Agamemnon ya tara jiragen ruwa don zuwa yaƙin Turoi, sai iska ta ƙi kaɗawa saboda fushin allahiya Atemis. Boka Kalkas ya ce sai an yi hadaya da 'yar sarki. Agamemnon ya aika gida a kawo 'yarsu Ifijeniya, wai za a ɗaura mata aure da jarumi Akilis. Yarinya ta iso a matsayin amarya, aka kai ta mayanka. Duk mai son yi wa sarauniyar hukunci, ya kamata ya fara da wannan yaudarar.

Shekara 10 tana riƙe da mulki, ta ɗauki Ejistus, ɗan Tayestis, ya zama farkanta. Da mijin ya dawo, tare da Kasandara, gimbiyar Turoi da ya kamo, ta tarbe shi da fara'a, sannan ta lulluɓe shi da mayafi a wurin wanka ta kashe shi. A waƙar Odisi ta Homa, Ejistus ne jagoran kisan. Marubuci Eskilus kuwa ya ɗora makamin a hannunta, cikin wasanninsa uku na Orestiya da suka ci gasar Atina a shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ɗanta Orestis ya girma, ya kashe ta don ɗaukar fansar ubansa, aljanun ramuwa suka yi ta farautarsa har gaban kotu a Atina. Hujjar da abin bautarsu Afolo ya kare shi da ita tana da ɗaci: wai uwa reno kawai take yi wa irin da uba ya shuka, ba ita ce mahaifiya ta gaskiya ba. Ƙuri'u suka yi kunnen doki, allahiya Atena ta goyi bayan Orestis, aka sallame shi.