Gidan Ɗan Hausa Da Kalmomin Da Ke Rushewa Tare Da Soraye

A unguwar Nasarawa ta Kano akwai wani gidan ƙasa da aka fi sani da Gidan Ɗan Hausa. Mai wannan laƙabi, Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, Jamusanci kuwa shi ne harshen da ya sha a nono. Daga baya ya zama ɗan Ingila, ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, sa'annan ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Ƙwarewarsa a Hausa ce ta sa Kanawa suka raɗa masa wannan suna.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan baƙo ya yarda ya zauna cikin ginin tubali mai rufin azara, da ɗaurin guga a ciki, da zankwaye a bisa. Bango mai kauri yana tsare zafin rana, da dare kuma ya saki ɗumi. Gidan ya haura shekara 100 yana tsaye. Sai dai sunan baƙon ya ɗauka, maginan da suka murza tubalinsa kuwa ba mai ambatonsu.

Mu da makarantar boko ta haifa, mu ne muka fara gudun irin wannan gini. A Haɗeja ba na ganin laifin talaka. Wanda ambaliyar 2020 ko ta 2022 ta kwanta a gindin katangarsa har ta zube, in ya samu hali ya sayi bulo da kwano, ya yi daidai. Ginin ƙasa ba ya shiri da ruwa mai kwanciya. Laifin namu ne, masu digiri, da ba mu zauna da Sarkin Magina mun nemi yadda za a ɗaga harsashi da dutse ko siminti, a bar saman ga tubali ba.

A matsayina na malamin harshe, asarar ninki biyu ce. Nakan tambayi ɗalibaina ma'anar makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don kada damina ta ci shi. Aji guda, da ƙyar mutum biyu su ɗaga hannu. Indararo ma sai an yi ta kwatance. Galibinsu kuwa jikokin waɗanda suka kwana cikin soro ne, wasu ma daga cikin ganuwar Haɗeja.